Masu futin ɗin asuba a Yamai: abin da ke fiddo magidanta da abin da ke watsa su

Duk wanda ke fita da wuri a Yamai ya san abin ya ƙaru a 'yan shekarun nan. Ana sallame asuba, kafin masu ƙosai su gama hura wuta, sai ka ga maza rukuni-rukuni a zagayen Stade Seyni Kountché, a kan gadar Kennedy, gefen Kornish ta Yantala da ta Gamkalle, hanyar filin jirgi, wasu na sassarfa wasu na tafiya da sauri suna wurga hannu, wasu kuma gaskiya tafiyar kasuwa suke sai dai sun sa basket. Da can in ka ji dirin ƙafafu da waƙa da duku-duku to sojoji ne ko jandarmomi ko yaran da ke shirin konkur na shiga aikin kaki, yanzu kuwa akwai mai furfura, akwai alhajin Gran Marshe, akwai mushen lakkwal, ma'aikacin banki, tela, tsohon ajidan da ya yi ritaya. In ka tambayi mutane dalili amsa biyu ake ba ka, ko a ce tsoron tansiyo da diyabet ne, ko a ce kwaikwayon Turawa ne 'yan boko suka kwaso. Ta farkon tana da gaskiya amma rabi, ta biyun kuwa ni ban ɗauke ta da nauyi ba. Tsoron ciwo yana fiddo mutum sati biyu ko uku ne. Abin da ke riƙe shi shekara da shekaru daban ne, kuma in ba a gane shi ba ba za a gane me ya sa wata ƙungiya ke daɗewa wata kuma ta watse tun mayon da suka buga bai koɗe ba.

Mu fara da lokacin kansa, don ba haka kawai aka zaɓe shi ba. Yamai gari ne da rana ke makara, agogonmu ɗaya da na Diffa da na Kano amma mu muna can yamma, in gari ya waye a Diffa mu sai mun ƙara jira wajen minti 40. A watan Janairu rana ba ta leƙowa sai bayan 7 da kwata, a farkon Yuni kuma kafin 6 da rabi ta fito. Buro ƙarfe 8 ne, lakkwal ɗin yara ma haka, ga cunkoson gada ga wanda ke kwana Harobanda yana aiki Plato. Kenan abin da magidanci ke da shi awa ɗaya ce ko ɗaya da rabi tsakanin sallame salla da wanka. Wani zai ce to me ya hana maraice? Zafi ne na farko, a Afrilu da Mayu ana kai digiri 41, 42 da rana kuma kwalta ba ta daina huci sai dare ya yi nisa. Na biyu wanda ya ma fi zafin, maraicen magidanci ba nashi ba ne, akwai gaisuwar rasuwa, akwai barka, akwai dubiya a asibiti, ga baƙo daga ƙauye ya sauka ba sanarwa, ga uwargida na jiran kuɗin cefanen gobe. Awar bayan asuba ce kaɗai ba wanda ya riga ya sa mata hannu. Sannan ladan ya riga ya yi rabin aikin, abu mafi wuya a motsa jikin safe shi ne rabuwa da katifa, mu kuwa an gama da wannan tun kiran farko, saura kawai kar ka koma.

Sai su wa ke gudun, kuma a nan akwai abin da ba a cika son faɗa ba, futin na masu zama ne. Ga-ruwan da ke tura kura cike da bido, mai lambu a bakin kogi, ɗan dako a Katako, magini, in ka ce musu su zo a yi gudu don lafiya dariya za su yi maka, su jikinsu ya gama biyan wannan bashin kafin azahar. Mai gudu shi ne wanda moto ko mota ke ɗaukar shi daga ƙofar gida zuwa ƙofar buro ko shago, ya zauna kan kujera cikin sanyin kilim, shinkafa da mai da rana, shayi na ɗaya na biyu na uku, da dare tele. Garin da lokacin samun 'yancin kai a 1960 mutanensa ba su wuce dubu 30 da 'yan kai ba, a ƙidayar 2012 ya haura miliyan, cikin zuriya ɗaya ko biyu an tashi daga uban da ke taka sayyada zuwa gona an koma ɗan da ke tarar kabu-kabu don sayen burodi, amma cin bai ragu ba, sai ma mai da sukari da suka ƙaru. Tun 1953 wani lokotoro a Ingila, Jeremy Morris, ya auna wannan a kan ma'aikatan bas-bas masu bene na Landan, direbobin da ke zaune duk yini da kwandastocin da ke hawa da saukar matakala suna karɓar kuɗi, mota ɗaya gari ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobin nesa ba kusa ba. A nan gida kuma binciken da ma'aikatar lafiya ta yi tare da hukumar lafiya ta duniya, OMS, a 2007 ya nuna cikin manya fiye da mutum ɗaya cikin uku jininsa ya hau. Don haka labarin kusan iri ɗaya ne, mutum ya je asibiti da ciwon kai ko jiri, an ɗaura mishi abin awo an ce Alhaji a rage gishiri a yi sport, ya biya ta wajen 'yan bosho ya sayi basket da wandon jogin, gobe da asuba ya fita shi kaɗai da niyyarsa mai kyau, kafin wata ya ƙare basket ɗin na ƙarƙashin gado.

Lalaci na ciki amma ba shi ne babba ba, kunya ce. A wajenmu dattijo mai 'ya'ya har da surukai ba ya gudu sai da dalili, ko gobara ko ɓarawo ko an aiko mishi da mummunan labari. Natsuwa ita ce mutunci, tafiya a hankali cikin babbar riga, tumbi ma har kwanan nan alamar hutu ne, in ka rame kuwa tambaya ake lafiya dai, ko bashi ne, ko madam ta yi yaji. To ka ɗauki mutum irin wannan ka sa mishi mayo ya fito yana haki a kartiyensu, kafin ya kai kwalta mutum uku sun tare shi da Alhaji lafiya, yaran makarantar allo na kallo, maƙwabciya na leƙe ta katanga. Shi kaɗai abin kallo ne, amma cikin mutum ashirin ya zama ɗan sport, ba wanda zai tambaye shi komai. Wannan shi ne aikin farko da rukuni ke yi, rufin asiri. Aiki na biyu kuma ya fi ban sha'awa, kunyar nan da ke tsare shi cikin gida ita ce ke juyowa ta riƙa fiddo shi, don yanzu ba fitowar ce abin kunya ba, fashin ne. Ran farko da bai zo ba za a rubuta a gurup ɗin WhatsApp cewa yau bargo ya ka da Dwayan, a bi da hoton waɗanda suka zo suna dariya, rana ta biyu a kira waya, ta uku sai ya ji ana buga mishi ƙofa. Mutum na iya karya alkawarin da ya yi wa kansa sau ɗari bai ji komai ba, amma ya san akwai mutane tsaye a rompuwan cikin sanyi suna duba agogo saboda shi, wannan da nauyi.

Na ga yadda abin ke aiki da idona wata Asabar cikin hunturu a kan gada. Wani alhaji mai jiki, da ganin basket ɗinsa sabon shiga ne, ya tsaya ya dafa ƙarfen gada yana haki, sauran sun yi nisa har sun kusa sauka. Sai tsohon sojan da ke jan su ya busa usur, na gaba duk suka yi kwana suka dawo da sassarfarsu.

"Ajidan ku tafi abinku don Allah, ni nan ƙarfina ya ƙare, kabu-kabu zan tara."

"Haba Alhaji, mu bar ka da wa? Ba gudu za ka yi ba, taka kawai, daga nan zuwa waccan fitilar. Kai yaro karɓi gorar ruwan Alhaji."

Wani saurayi da bai fi sa'ar ɗansa ba ya matso ya ce Baba dafa kafaɗata, ya dafa, aka rage gudu kowa ya koma tafiya har suka sauka tare, wani Bagobiri a ciki na tsokanar shi wai dama Zabarmawa in ba a kwalekwale ba ba su iya ƙetare ruwa, shi kuma duk da hakin sai da ya rama. Mutumin nan a shagonsa na tabbata yaransa ba sa zama in yana tsaye. A gida ba zai taɓa yarda 'ya'yansa su ga ya gaza ba. Amma a nan ya gaza a gaban mutum ashirin kuma girmansa bai ragu da komai ba, wurare nawa namiji mai shekara 50 ke da su irin wannan a garin nan?

Nan ne zancen zumunci ya shigo, kuma sai an ɗan koma baya. Zamanin Kountché samariya ce ke tara matasa, aikin gayya, wasanni, raye-raye. Bayan taron ƙasa na 1991 da karyewar darajar sefa a Janairun 1994, aiki ya yi wuya, sai fada ta bazu ko'ina, benci da tabarma da butar shayi a ƙofar gida har tsakar dare. Yawancin magidantan da ke gudu yau 'yan fadar wancan lokacin ne. Sai dai fada ta samari ce, aure ya zo, an yi wa wannan afektasiyo zuwa Agadas, wancan ya tafi Kwatano, wani ya samu fili ya gina can Koira Tegui ko Niamey 2000, a hankali sai a wayi gari ba a haɗuwa sai wajen jana'iza. Kar a fahimce ni ba daidai ba, magidanci a Yamai ba ya rasa mutane, mutane ma sun yi mishi yawa, abin da yake rasa shi ne wanda ba ya neman komai wajensa. A gida kuɗin lakkwal da ordonans, a dangi shi ne na birni, a buro akwai shef a sama akwai masu jiran sa hannunsa a ƙasa, masallaci kuma gaisuwa ce da musabaha kowa ya kama gabansa. Ƙungiyar futin fada ce da ta miƙe tsaye ta bar butar shayi a gida, kuma tana da abin da waccan ba ta da shi, ba a kallon ido. Kuna tafe kafaɗa da kafaɗa kowa na duban gabansa, gari bai gama wayewa ba, numfashi ya ɗan yi sama, sai ka ji maganar da ba za ta taɓa fitowa a kan benci ba ta fito da kanta, yaron da ya faɗi bak sau biyu ya fara bin abokan banza, bashin banki da ke cinye rabin albashi, ritaya da ta matso ba gida ba jari, har matsalar shimfiɗa da diyabet ke kawowa wadda namiji zai yi shekara yana sayen maganin bakin hanya bai faɗa wa kowa ba. Na kusa da shi zai ce kai ni ma na yi wannan, je ka ga lokotoro kaza. Taubasantakar nan tamu da UNESCO ta sa cikin gadon duniya a 2014 ita ma tana aiki sosai a nan, don ita ke ba talaka lasisin ya yi wa darakta tsiya a kan tumbinsa a yi dariya a wuce.

Ba mu kaɗai muka gano wannan ba. A Amurka akwai wata ƙungiya mai suna F3 da ta fara a garin Charlotte a 2011, ta maza ce zalla, suna haɗuwa da sassafe a fili ko ana ruwa ko ana sanyi, ba a biyan ko dala, jagoranci na zagayawa yau kai gobe wani, in an gama a yi da'ira kowa ya faɗi abin da ke damunsa a yi addu'a, kuma ƙa'idarsu ba a barin kowa a baya. A Ingila parkrun ta fara a 2004 da mutum 13 a wani lambu na Landan, kilomita 5 kowace Asabar kyauta, kuma kullum akwai wanda aikinsa shi ne ya zo na ƙarshe don kar wani ya ji shi ne kurar baya. Su can kaɗaici ne ciwonsu, har babban jami'in lafiya na Amurka ya fitar da gargaɗi a kansa a 2023, mu namu ciwon nauyin jama'a ne. Amma ka lura da abin da suka riƙe gam, kyauta, da jiran na baya. Duk ƙungiyar da na ga ta daɗe a nan waɗannan biyun take kai, ko da ba ta taɓa jin sunan waɗancan ba.

To jikin fa, yana samun abin da aka fito nema? Yana samu, sai dai ba yadda ake zuzutawa a gurup ba. OMS ta ce babba na buƙatar minti 150 zuwa 300 a sati na motsi matsakaici, irin tafiyar da za ka iya magana amma ba za ka iya waƙa ba, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi kamar gudu, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka, su pomp da abdo da tsugunna-tashi. Wanda ke fita sau huɗu a sati yana minti 45 ya cika wannan ko da tafiya ce kawai. Ga mai hawan jini in ya dage abin da aka saba gani lambar sama ta sauka da kamar 5 zuwa 8 a ma'aunin 140, a lissafinmu na 14/9 rabin maki ne ko ɗan fi, ba ƙaramin abu ba ne wallahi amma ba zai maida mai 18 ya koma 12 ba. Shi ya sa maganar da na fi tsoro a bakin 'yan futin ita ce ni tun da na fara sport na aje magani. Tansiyo ba ta sallama, mutum na jin shi garau ranar da ɓarin jiki zai shanye. Ƙungiyoyin da suka sayi abin awo na batir suna auna juna sau ɗaya a wata sun yi dabara, in dai wanda aka ga lambarsa ta hau za a tura shi asibiti ne ba a haɗa shi da mai sassaƙe ba.

Zancen tumbi kuma lissafi ne mai sauƙi da ba a son ji. Mai kilo 80 in ya yi gudun kilomita 5 ya ƙona kamar kalori 400. Daga nan sai a zarce teburin mai shayi, wanda ga wasu ma shi ne ainihin abin da suka fito, rabin baget, omleti ƙwai uku yana iyo cikin mai, a shafa mayonez, a kawo Nescafé da madarar gwangwani mai zaƙi a babban kofi a ce ƙara sukari, abin da aka zubar a gada an maida shi har da riba. Wata shida mutum ya hau sikeli ya ga kilo ɗaya ya ragu sai ya ce sport ƙarya ne. Ba ƙarya ba ne, sukarin jini da barci da numfashi duk suna gyaruwa ko sikeli bai motsa ba, amma teɓa a kwano take. Gishirin ma da OMS ta ce kar ya kai giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya har da wanda ke cikin dunƙulen miya da yajin tsire, ba a Stade ake yanke hukuncinsa ba, a madafa ne.

Akwai haɗari kuma, mafi yawansa daga halinmu na maza yake, gasa. Mutum rabonsa da gudu tun yana lise, yau ya ga yaro ɗan shekara 22 mai shirin shiga soja ya wuce shi sai zuciya ta ɗebe shi. Wanda ya haura 40, mai tansiyo ko diyabet ko mai shan taba, ya fara ganin lokotoro, ya fara da tafiya, gudu zai zo da kansa. In ƙirji ya ɗaure ko zafin ya gangara hannu ko muƙamuƙi, ko jiri, ko hakin da ba a saba ba, wannan ba na sha ruwa ka huta ba ne, na a sa shi a mota ne. Masu naɗe ciki da leda ko sa rigar ruwa wai don kitse ya narke, ruwan jikinsu kawai suke zubarwa kuma a zafin garin nan wasa da rai ne, haka masu cewa bari in yi gudu in fitar da zazzaɓi ta zufa. Ranar da hazo ya rufe har ba ka ganin ƙetaren kogi, mai asma ya zauna gida. A hunturu da ake gudu cikin duhu a sa kaya masu haske a fuskanci motoci, kar a ba su baya.

Amma ba ciwon gwiwa ke kashe ƙungiya ba, kuɗi ne da muƙami, kuma kullum da alheri abin ke farawa. A ce kowa ya kawo dala ɗari a sati don ruwa da ɗan akwatin magani, madalla. Wani matarsa ta haihu a haɗa mishi wani abu, wani ya yi rashi a je gaisuwa a mota ɗaya, wannan ma shi ne zumuncin. Sai a ce ai ya kamata a kafa buro, perezidan, sakatare, tirezoriye, har da mai kula da hulɗa da waje, don Allah ƙungiyar gudu wace hulɗa da waje? Sai a buga mayo, sai a shirya fita bayan gari da meshwi, kotizasiyo ta tashi daga dala ɗari ta koma jikka biyar, tela da mushe ɗan kwantiragi ba za su ce ba su da shi ba, sai dai ka ji wai gwiwa na damunsu, shi kenan ba za ka sake ganinsu ba. Ko kuma wani mai hali ya ce ya ɗauki nauyin mayo da ruwa duka, a yi ta godiya, bayan wata biyu wurin haɗuwa ya koma ƙofar gidansa, ba a tashi sai ya fito, girman da aka tuɓe aka bari a gida ya biyo mutane har fili. In siyasa ta shigo kuwa an gama, maza talatin da ke haɗuwa sau huɗu a sati kuma suna jin maganar juna ba ɗan siyasar da zai gan su bai yi kwaɗayi ba, hukuma ma ta san haka, a Burundi a 2014 har haramta gudun rukuni aka yi a titunan Bujumbura aka ce 'yan adawa na fakewa da shi. Ɗaya hanyar mutuwar ta fi shiru, masu sauri su gaji da dawowa ɗaukar na baya su ce za su riƙa yin nasu, na bayan su ga dama kaya suka zama, sai a rabu biyu, kuma a abin da na lura na gaban ne ke fara watsewa don su agogo ya haɗa su.

Akwai kuma wadda ba a sa ta a hoton gurup. In mai gida ya samu awa ɗaya da rabi da safe to wani ne ke wanke yara yana dama kunu yana neman takalmin lakkwal da ya ɓace. Matan birni su ma suna fama da ƙiba da tansiyo, sau da yawa ma fiye da mu, ana ganinsu a zagayen Stade da hijabinsu suna tafiya amma ba su kai maza yawa ba kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda ke kafa hujja da hadisin mumini mai ƙarfi don ya fita, ya tuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha. Ko ran Lahadi ce ya tsare yara ta fita da 'yan uwanta, ko su taka tare. Ta fuskar addini dai ban ga inda ake samun saɓani ba sai wajen wando da bai rufe gwiwa ba da masu sa lokacin haɗuwa ya ci jam'i, kuma yawancin ƙungiyoyi sun gyara wannan da kansu.

Wuri ma matsala ne. Stade ɗin da Sin ta gina aka buɗe a 1989 har yanzu shi ne matattara, sai ka ga mutum ya tuƙo mota daga ƙarshen gari ya zo ya yi tafiyar ƙafa ya koma, don a kartiyensu ba gefen hanya, inda akwai kuma kiyos da masu gyaran moto sun cinye, saura yashi da karnuka. Dajin bedi da aka fara dasawa a 1965 don ya zagaye gari ya tare ƙura da ya zama wurin gudu da babu kamarsa, amma filaye da bola sun ci wani sashe mai yawa. Kigali tun 2016 take rufe wasu manyan tituna ga motoci da safiyar Lahadi, da farko sau ɗaya a wata daga baya aka maida sau biyu, mutane su fito gudu da keke a kuma auna musu jini da sukari kyauta, ban ga abin da zai hana a gwada haka a Kornish ko gada ɗaya cikin ukun da muke da su ba, ƙarfe 6 zuwa 9 na Lahadi ba wanda zai yi asara.

Sai yanayi, wanda shi ke tace ƙungiyoyi kowace shekara. Damina ta zo hanyoyi sun zama tabki ga sauro, a yi fashi. Azumi ya zo, wasu su maida abin tafiya kafin buɗa-baki wasu bayan asham, da yawa su ce sai bayan salla, kuma bayan sallar nan ce makabartar ƙungiyoyin futin, an saba da komawa barci, ga Sitta Shawwal, ga tumbi ya dawo mutum na jin kunyar mayonsa. Waɗanda ke tashi daga wannan suman za ka tarar akwai mutum ɗaya mai naci a cikinsu, kuma yawanci ba perezidan ba ne, wani tsohon soja ne ko mushe da ke da lambar kowa, wanda zai ƙona kiredinsa daren Juma'a yana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya har da wanda ya tabbata ba zai ɗauka ba.